Rasuwar Nawab, Akwatin Kan Sarki na Mirza Tufail Baig

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Mirza Tufail Baig, tsohon mai shagon tabarau a cikin ganuwar Lahore, yana sanar da 'yan uwa, da abokan arziki, da 'yan ƙungiyar masu tara kan sarki, da kuma maƙwabtan da suka tsaya kallo suna tauna jalebi, soyayyen zaƙin nan da ake tsomawa a ruwan sukari, rasuwar amininsa kuma ma'ajin dukiyar ransa, babban akwatin katako mai faffaɗan durowoyi, wanda gida da unguwa suka sani da suna Nawab. Marigayin ya cika wata ranar Lahadi a watan jiya, da hantsi, a tsakiyar titi, bayan gajeriyar tafiya daga tagar hawa na uku. Ita ce fitarsa ta farko cikin shekaru kusan arba'in, kuma bai ji daɗinta ba.

An haifi marigayin a hannun wani kafinta da tarihi ya manta da sunansa, daga itacen shisham mai nauyi da taurin kai. Ya yi ƙuruciyarsa yana riƙon taswirori a wani ofishi, har ofishin ya gaji da shi ya fitar da shi gwanjo. A can Mirza Sahib ya gan shi, ya ja durowa ɗaya, ya ga faɗinta, ya ƙi barin wurin sai da shi. Domin Mirza Sahib ba ya cikin masu ɓamɓare kan sarki ɗaya-ɗaya daga jikin ambulan suna mannawa a ɗan littafi. Waɗannan yana kiransu masu tsintar tsaba. Shi falle guda yake saye, cikakke, yadda ya fito daga maɗaba'a, ba a yage ko ɗaya ba, danƙon bayansa bai taɓa ganin harshen ɗan Adam ba. Irin wannan falle, mai faɗin buɗaɗɗiyar jarida, ba ya son a ninke shi, ba ya son a naɗe shi, ba ya son a jingine shi. Rana tana ƙoƙe masa launi, raɓa tana manne shi da ɗan uwansa. Abin da yake so kawai ya kwanta a miƙe, cikin duhu, a bar shi. Marigayi Nawab ne kaɗai a duk faɗin birnin ya fahimci wannan buƙata.

Ya shigo gidan a shekarar da ake ɗora hawa na uku, kafin magina su ja bangon matakala. Da suka gama, matakalar ta fito siririya mai tsayi, irin wadda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya riƙe numfashi, aka wayi gari marigayin ba shi da hanyar fita. Bai nuna damuwa ba. Ya kama ɗakin da ya fi kowanne iska, wanda aka gina don maigida da uwargida, su kuma suka koma na baya mai kallon bangon maƙwabci.

Uwargidan, Mehrunnisa Begum, ita ta raɗa masa suna Nawab, wato basarake.

"Ba ya aiki, ba ya gaisuwa, ya ƙwace ɗaki mai iska, duk Juma'a ana shafa masa mai," in ji ta. "In ba nawab ba, wa ke irin wannan rayuwa?"

Mirza Sahib ya ɗauki maganar a matsayin yabo, kuma ba a taɓa samun wanda ya gyara masa fahimta ba.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da kamun kai. Bai taɓa yarda an ɗora masa kofin shayi a ka ba. Bai taɓa shiga gulmar unguwa ba. Maganarsa kaɗan ce kuma sananniya: ƙaras, idan makulli ya juya a gefensa, guuur, idan durowa ta fito, ƙwas, idan ta koma. Da damina katakonsa yakan kumbura, ya yi ta nishi, ƙiii, ƙiii, kamar dattijon da aka tasa daga barci, sai Mirza Sahib ya tashi da sauri da kyandir a hannu yana goga masa a gaɓoɓi, yana ba shi haƙuri. Mutanen gidan sun yi zazzaɓi, sun yi tari, an yi haihuwa an yi kaciya, ba a taɓa ganin maigida ya yi irin wannan sauri ba.

A cikinsa kuwa akwai abin da Mirza Sahib ya kwashe rayuwarsa yana tarawa, falle kan falle, kowanne da takarda mai shara-shara a sama da ƙasa, da ƙwayar kafur a kusurwa. Mirza Sahib yakan ce an yi su ne don a gani. Sai dai ganin yana da sharuɗɗa. Mai kallo zai wanke hannu, sannan ya kai hannun baya ya harɗe, tunda ba zai taɓa komai ba. Zai rufe baki, saboda magana tana tafe da yawu. Ba zai zo da damina ba saboda laima, ba zai zo da bazara ba saboda gumi, da sanyi kuma mutane suna atishawa. Ɗansu Sarmad ya ga durowar sama sau ɗaya, ranar da ya ci jarrabawa, daga bakin ƙofa. 'Yan ƙungiya sun hau matakalar nan suna haki, an nuna musu kusurwar falle guda an mayar. Mehrunnisa Begum kuwa ba ta taɓa gani ba.

"Hannun mai girki ne da ke, Begum," in ji shi, cikin tausasawa. "Ko kin wanke, man yana nan cikin fata."

"Cikin da nake zuba wa girkin bai taɓa ƙorafi ba," in ji ta.

Shekaru da yawa da suka wuce gwiwoyin Begum suka kumbura, matakalar ta gagare ta. Da farko tana sauka don biki da ta'aziyya, a zaune, tana jan jiki. Daga baya ko wannan ya faskara. Cefanenta ya koma ta kwando da igiya daga taga, gaisuwarta da matan unguwa ta koma ta ihu daga sama. An aurar da 'ya'yan ƙawayenta ba ta je ba. Ƙanwarta ta kwanta ciwo a wata unguwa har ta rasu, sai labari aka hawo mata da shi. Ta zauna a ɗakin baya ta yi kukanta tana kallon bango.

Sarmad ya gina gida a bayan ganuwa, na ƙasa, ba matakala ko ɗaya, da tsakar gida da bishiyar lemun tsami. Ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Abba ji, ku taso mu koma. Ammi ta taka ƙasa ko sau ɗaya kafin ta manta yadda take."

"Nawab fa?"

"Nawab katako ne, Abba ji."

"Kai ma nama ne da ƙashi, ban yar da kai a titi ba."

Haka aka yi ta yi, shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta. Gidan bayan ganuwa yana nan a share, lemun tsami yana zuba ba mai tsinta. Sai a watan jiya Sarmad ya zo, bai durƙusa ba.

"Ranar Lahadi zan ɗauki Ammi. Ku kuna iya zama da Nawab. Ya dafa muku shayi, ya wanke muku kaya, in dare ya yi ya matsa muku ƙafa."

A nan ne Mirza Sahib ya gano cewa ashe ana iya cire taga.

Jinyar ƙarshe ta marigayin ta kasance a hannun Yaqub, ƙanen Begum, wanda ake kira Kaftin saboda ya yi aiki a jirgin ruwa. A ɗakin girkin jirgin ya yi aikin, yana feraye dankali, amma ya dawo da tafiya irin ta matuƙa da kuma yaƙinin cewa duk wata igiya ta duniya ta san shi.

"Bhai Sahib, kwantar da hankalinka," ya ce wa Mirza Sahib yana dukan ƙirji. "Ƙullin da zan yi, ko giwa aka rataya sai dai giwar ta tsinke."

Aka ɓalle tagar da firam ɗinta. Aka zarga igiyoyi a jikin wani ƙarfe a saman rufi, aka kira 'yan dako majiya ƙarfi. Sarmad ya kawo shawarar a fitar da fallayen tukuna, a sauke su daban.

"A ɗora su a ina? A kan cinyarka?" in ji Mirza Sahib. "Tun kafin a haife ka suke kwance a nan. Tare suka zauna, tare za su tafi."

Ya ɗauko bargon Begum na sanyi, mai kauri, wanda ta zo da shi daga gidansu, ya lulluɓe wa marigayin baya da gefe don kada bango ya ƙwarzane shi. Gaban kuwa ya bar shi a buɗe, ya hana igiya ta ratsa ta nan, kada ta danne marikan tagulla. Da yake duk 'yan dakon na Nawab ne, Begum sai ɗanta da maƙwabta suka sauko da ita a kan kujera, suna karo da bango, tana salati, suna ba ta haƙuri. Suka ajiye ta a ƙofar shagon Pehlwan Sadiq mai jalebi. Ta dubi titin daga wannan kai zuwa wancan. Shagunan da ta sani rabi sun sauya, yaran da ta bari da majina sun yi gemu. Mata suka fito suna rungume ta, Pehlwan ya miƙo mata jalebi mai zafi a kan takarda, ya ce in ta yi maganar biya ba zai ƙara gaishe ta ba.

A sama kuwa Mirza Sahib ya nemi a ba shi wuri ya yi ban kwana. Ƙaras. Guuur. Ya duba 'ya'yansa durowa bayan durowa, ya gyara takardar da ba ta goce ba, ya mayar. Ƙwas. Kaftin yana daga rufi yana ihu rana na yi, 'yan dako suna gunaguni. Mirza Sahib ya zare makullin ya jefa a aljihu. Ƙaras na biyu, wanda yake kulle durowoyin gaba ɗaya, babu wanda ya tuna ya ji shi.

Marigayin ya fito ta taga cikin ƙasaita, bayansa ga bango, fuskarsa ga jama'a. An tsayar da masu wucewa, an share ƙasan tagar, unguwa kaf ta ɗaga kai. Ya fara sauka a hankali, yana lilo kaɗan, har wasu suka fara tafi. Sai bargon ya zame daga kusurwa ɗaya, katako ya gogi bulo. Ƙiii.

Mirza Sahib bai taɓa jin wannan kuka ya zauna ba. Ya leƙo ta ramin tagar har rabin jikinsa, ya sa sandarsa ta tafiya a kan marigayin, ya tura shi nesa da bangon da duk ƙarfin da tsufa ya bar masa.

Marigayin ya sunkuya gaba kamar mai gaisuwa. Shi ne karo na farko da ya gaida mutanen unguwar.

Guuur, in ji durowar sama. Guuur, in ji ta biyu. Sauran suka biyo baya a jere, cikin ladabi, kowacce tana jiran ta gabanta. Da nauyi ya koma gaba, gangar jikin ta sulluɓe daga cikin igiya ta bi su. Kalmarsa ta ƙarshe ba ta rubutuwa. An ji ta har kasuwar masu takalma.

Igiyar ta ci gaba da reto a sama da bargo a rataye.

"Ku duba da kyau!" in ji Kaftin daga rufi. "Ku shaida! Ƙullina ko motsi bai yi ba!"

Babu wanda ya duba, domin sama ta cika da takardu. Abin da aka hana unguwar gani tun tana da ƙuruciya ya sauko mata a ka, yana juyi cikin hasken rana: duwatsu masu farar ƙanƙara, jiragen ƙasa, furanni ja da shuɗi, gadoji, dawakai, kowane hoto an jera shi layi-layi har ido ya gaji. Wasu suka maƙale a wayoyin lantarki. Wasu suka sauka a kwata. Falle biyu suka kwanta a miƙe, yadda suka saba, cikin kaskon ruwan sukarin Pehlwan Sadiq. Ɗaya ya manne a gilashin wani keken haya mai ƙafa uku, ya tafi yawon buɗe ido ta ƙofar gari, har yau bai aiko da saƙo ba.

Mutanen unguwa, Allah ya saka musu, suka duƙufa tsinta. Mai nama ya tsinta, mai gyaran babur ya tsinta, mai suyar kifi ya goge hannu a riga ya tsinta. Wata tsohuwa ta ninke nata gida huɗu don kada ya lalace. Mirza Sahib ya sauko matakalar nan da gudun da likitansa ya rantse ba zai iya ba, ya faɗo titi ba hula, yana ihu.

"Kada ku taɓa! Ku ajiye! Jahilai, kada ku taɓa!"

"To mu bar wa kwata, Mirza Sahib?" in ji Pehlwan, yana tsamo falle daga sukari da matsamin jalebi. "Ga shi, na ƙara masa danƙo."

Mirza Sahib ya juya zai zage shi, sai idonsa ya faɗa kan matarsa. Falle guda ya sauka a kan cinyarta, lafiya lau, ko kusurwa bai lanƙwashe ba. Ta goge yatsunta a gefen mayafi, ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe shi ta baki-baki, ta kawo shi kusa da ido.

"Ashe tsuntsaye ne," in ji ta.

"Begum, kawo. A hankali. Kada ki numfasa a kai."

"Dubi wannan mai jan wuya. Irinsa yana zuwa gonar kakana." Ba ta ɗago ba. "Suna da kyau, Mirza Sahib. Wallahi suna da kyau. Bango ɗaya ne tsakanina da su. Duk shekarun da na yi a sama ba ni da abin kallo sai bulon maƙwabci, ashe tsuntsaye na kwance a ɗakin gaba."

Mirza Sahib ya matso don ya karɓa. Hannunsa yana miƙe a gabanta. Ta bar shi a miƙe har ya gaji ya sauke.

Marigayin ya rasu ya bar marayu fiye da rabin waɗanda ya riƙa, wasu lafiya ƙalau, wasu da tabon yatsa, wasu da ƙamshin kifi da ba a sa ran zai bar su. Ya bar makulli ɗaya wanda ba shi da sauran aiki, da kwalbar man shafawa da ba a kai rabi ba. Ya bar ramin taga a hawa na uku, inda tattabaru suka riga suka tare. Game da musabbabin rasuwar, Mirza Sahib yana zargin igiya, da iska, da maginin da ya yi bango da kaushi, da surukinsa mai feraye dankali. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su amince da duk wanda ya ambata a ranar. Maganar sanda kuwa, iyali sun yanke shawarar ba a ga sanda ba.

Sauran magana ita ce makomar marayu. An zagaya sabon gidan ɗaki-ɗaki ana neman wuri mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, busasshe. Ƙasa tana da laima. Tebur na cin abinci ne, matar Sarmad kuma ta faɗi haka da muryar da ba ta neman shawara. Abu ɗaya ne ya cika sharuɗɗan: faffaɗan gadon katako da Sarmad ya sa aka yi wa mahaifiyarsa saboda gwiwoyinta. Mirza Sahib ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin yana murza hula.

"Begum, da wata 'yar alfarma."

"Na ji. A sa su tsakanin allo biyu, a ɗora katifa. Amma na tsuntsayen nawa ne, bango za shi."

"Rana za ta cinye shi!"

"To zaɓi bangon da rana ba ta kaiwa. A nan dai ka fi ni sani."

Ya zaɓa, ya kai wa mai gilashi da kansa, ya tsaya a kansa har aka gama. Sauran suna ƙarƙashin katifa. Idan Begum ta ga dama, bayan la'asar, sai ta sa a ɗaga, ta kira matan sabuwar unguwa su zo su ga jiragen ƙasa da furanni. Suna kallo suna hira, suna dariya da baki buɗe. Mirza Sahib ne yake ɗaga musu fallayen da hantsaki, yana rufe ido duk lokacin da wata ta yi tari. An lura dai ya fara yi musu bayani, kuma bayanin yana yin tsawo har sai an katse shi.

Za a yi jana'izar marigayin ranar Alhamis da safe a tanderun mai gurasa na bakin tsohuwar unguwa, wanda ya duba gawar ya ce busasshen shisham irin wannan zai yi wuta mai kyau. Gurasar da aka gasa za a raba wa maƙwabtan da suka yi tsinta, ita ce kyauta ta farko da ta taɓa fitowa daga hannun marigayin. Durowa ɗaya da ta tsira ba za a haɗa da ita ba, Pehlwan Sadiq ya riga ya jera jalebi a ciki, ya ce bai taɓa samun tire mai faɗinta ba. Kaftin Yaqub ya nemi a ba shi damar ɗaure itacen a kan amalanke. An gode masa, an ba wani.

Zaman makoki a gidan Sarmad ne, bayan ganuwa, gida mai bishiyar lemun tsami. Za a ba da shayi a tsakar gida, kuma kowa yana iya ajiye kofinsa inda ya ga dama. Masu son ganin marayu su guji zuwa bayan azahar, lokacin barcin uwargida ne, kuma barcinta ya yi nauyi tun da ta fara yini tana yawo a gidajen maƙwabta. Wanda ya yi kuskure ya zo a lokacin zai iske wani dattijo a kan 'yar kujera a bakin ƙofar ɗaki, da hantsaki a hannu, yana sauraron minshari. Shi ne mai makokin. A yi masa gaisuwa ƙasa-ƙasa, kada a tashi Begum.